Ƙofar Inna a Dogo-Dogo

Tun kafin kiran sallar asuba na ɗaure kayana: ƙullin tufafi, ledar goro, da bokitin fenti guda wanda na naɗe da tsohon zane kamar jariri. Maigidana ya raka ni tashar Magarya yana yi mini tsiya, wai shi bai taɓa ganin inda ɗiya ta kai wa uwarta tsarabar fenti ba. Na ƙyale shi, don raina ba ya wurin wasa.

Ga abin da ya tayar da ni. Inna, mahaifiyarmu, idonta ya yi rauni. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, tsufa ne. Tana ganin haske da inuwa da launi mai ƙarfi, sauran duk sun haɗe mata. Kwanan baya ta fita barkar haihuwa, a dawowa ta wuce gidanta, sai a bayan gari aka tsince ta zaune gindin gawo cikin rana. Babban wanmu, Yaya Alhaji Mamman, ya ce ranar Juma'a zai je da mota ya ɗauko ta ta zauna gidansa a Magarya. Inna ta ce a ɗakin da mahaifinmu ya ajiye ta za ta mutu. Shi kuwa Yaya idan ya faɗi magana ba ya janyewa.

Ni tela ce, aikina ke nan haɗa atamfa da kallabi. Na san ruwan ƙasa launi ne mai kunya, yana zama da kowa lafiya, kuma ba ya nuna kansa. To a Dogo-Dogo katanga ruwan ƙasa ce, ƙofa ruwan ƙasa, hanya ruwan ƙasa, har jakunan ma haka. Abin da ke fita fes a kansa shi ne launin nan da 'yan lakwal, wato 'yan boko, ke ce wa turkuwaz, wanda ya tsaya tsakanin shuɗi da kore. Na roƙi Yaya ya bar ni in gwada kafin Juma'ar. Ya ce in je in yi wasana.

Magarya zuwa Dantchiao

Motarmu ta tashi bayan fitowar rana, ita da direba ya rantse za ta tashi da asuba. Na ƙi yarda a ɗora bokitin a sama tare da buhunan wake, na rungume shi a cinya. Da murfin ya ɗan ɗaga aka hango abin da ke ciki, sai gardama ta kaure. Direba ya ce kore ne. Wani dattijo mai goro a baki ya ce shuɗi ne, irin na ƙofar masallacinsu, kuma ko da fushi ka zo, idan ka dube shi zuciyarka sai ta yi sanyi. Wata mata ta ce ita bangon ɗakin haihuwa yake tuna mata, kuma babu wani sanyin da ta ji a can.

A shingen jandarmomi wani ya leƙo ya buɗe murfin, ya daɗe yana kallo. Na ɗauka wata magana ce, ashe sunan launin yake so, matarsa ta dame shi a yi mata irinsa a ɗaki. A Dantchiao taya ta sace, muka sauka muka ci ƙosai da kunun tsamiya har aka liƙe ta.

Dungas

A gidan ƙawata Hajiya Balki na kwana. Ta ja ni falonta tana taƙama, an yi masa sabon fenti. Ta ce sunansa bej, a waya ta gani, shi manyan mutane ke yayi yanzu, yana kwantar da hankali, kuma kowace irin kujera ka sa ya karɓe ta. Na dubi bangon, na leƙa ta taga na dubi katangar maƙwabtanta ta laka. Launinsu ɗaya sak. Na ce mata ai da ta yi magana da na ɗebo mata shi kyauta a bayan gida. Ta jefe ni da mafici. Gaskiyarta dai, ɗakin akwai daɗin zama, kuma da na diga ɗigon fentina a kan wani ɓallin kwali na jingina da bangon, ita kanta ta ce sun dace.

Dogo-Dogo

Daga Dungas kabu-kabu na hau, muna nitsewa cikin rairayi muna fita. Da muka shiga layinmu, ni da aka haifa a nan, mai ido biyu lafiyayyu, sai da na sa mai babur ya tsaya a ƙofar Malam Idi maƙwabcinmu, na ɗauka tamu ce. Ban gaya wa Inna wannan ba.

Na same ta ta rame, ta riga ta ɗaure kwanoninta a buhu saboda Juma'a. Ganin buhun nan ya karya mini zuciya. Washegari na ɗaura zane na shafe ƙyauren ƙofar da ginshiƙan zaure biyu. Da ya bushe na riƙe hannunta muka je har bakin rijiya, na juyar da ita. Ta ƙanƙance ido, sai ta ɗaga sandarta ta nuna.

"Ga gidana can," in ji ta. "Kamar an zuba ruwa a tsakiyar tudu."

Ta taka da kanta har cikin zaure, ina biye ina share hawaye. Rabin fentin ya rage, na tura bokitin ƙarƙashin gadonta. Da yamma na wuce wani ƙauye kusa gaisuwar rasuwa, na kwana can.

Ranar Alhamis na dawo, na tsaya a bakin layi na riƙe baki. Ƙofar Malam Idi turkuwaz. Ƙofar Iya Tabawa, aminiyar Inna, turkuwaz. Tun daga farkon layi har ƙarshe, kowa ya samu rabonsa, har da wani mai shago da ya shafa a tagarsa. Ashe maƙwabta sun yi ta zuwa yaba ƙofa, Inna kuwa ta jawo bokiti ta riƙa zuba musu a gwangwanin tumatir. Haka take yi tun muna yara, ko balangu aka kawo mata sai ta yanka shi an zagaya da shi gida-gida.

Na shiga na yi faɗan da ban taɓa yi mata ba. Na ce yanzu ta yaya za ta gane tata, gobe Yaya na tafe. Ta ce a hankali, "Zuwaira, mutum ya tsaya a ƙofata ya ce abu ya yi kyau, ga sauransa ƙarƙashin gadona, in yi yaya?"

Ban san Iya Tabawa na zaure tana jinmu ba. Ta shigo ta tambaye ni dalili, don su duk zatonsu ado na yi wa uwata. Na gaya mata komai, har maganar motar Yaya. Ta gyara lulluɓi ta fita.

Da safiyar Juma'a na fito zubar da shara, na tarar matan layi sun kwaɓa laka da ƙaiƙayi a tsakiyar hanya. Kowace na ɗiba tana yaɓe ƙofarta. Malam Idi da kansa ya naɗe hannun riga yana shafe ƙyaurensa, shi da jiya ya ce tun da aka gina gidan bai taɓa ganin fenti ba, har kujera ya fitar yana zaune yana kallon abinsa. Na ce masa, "Baba, ai damina za ta wanke." Ya ce idan ta wanke su sake.

Yaya ya iso da hantsi, ya ajiye mota a bakin layi. Ya shimfiɗa bargo da matashi a kujerar gaba saboda Inna. An ce masa ta fita duba wata mara lafiya a can gefen kasuwa, ita kaɗai, ransa ya ɓaci. Muna tsaye sai ga ta tafe tana dogara sanda. Ta wuce motarsa ba ta gane ta ba, ta wuce ƙofofin nan masu ɗanyar laka ɗaya bayan ɗaya, ta karya kwana ta shige gidanta ko lalube ba ta yi ba.

Yaya ya matsa kusa da ƙofar Iya Tabawa ya sa yatsa a lakar, fentin ya leƙo daga ƙasa. Ya tambaya, aka gaya masa. Sannan ya durƙusa gaban Iya Tabawa, da babbar rigarsa, ya ce, "Iya, ni a Magarya ba ni da irin wannan da zan ba ta." Shi ya shiga da kansa ya kwance buhun kwanonin.

Komawa gida

Bayan sallar Juma'a muka kama hanya, ni ce a kujerar gaba kan bargon Inna. Har muka wuce Dungas da Dantchiao Yaya bai kunna rediyo ba, sau biyu ina ganin yana goge ido da gefen rawani. Mun shiga Magarya ana kiran magariba, lafiya lau.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Hajiya Balki da masauki. Mutanen layinmu kuwa, da suka rufe adon ƙofarsu da hannunsu don uwata ta kwana a ɗakinta, Allah kaɗai zai biya su.