Ledar Anti a Cikin Kwalekwale

Ko zan manta komai na zamana a Kuala Lumpur, ban da ranar da kwalekwalena ya ƙi bin hanya a gaban malamina.

Digiri na biyu ya kai ni can, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Aikina shi ne haɗa na'urar da ke riƙe sitiyarin jirgi da kanta da GPS da kuma kamfas na lantarki. GPS ya gaya mata inda take, kamfas ya gaya mata inda hancin jirgin ya dosa, ita kuma ta miƙe hanya ba hannun kowa. Idan gwajin ya yi kyau, in rubuta in tafi gida. Idan ya ƙi, sai wani zangon karatun, ga 'yata na baro wurin mahaifiyata a Kano, har ta fara ƙyuyata a waya.

Akwai maƙwabciyata a unguwar Danau Kota, matar wani lakcara, muna ce mata Anti. Saro mayafai take yi tana aikawa gida. Ita ta riƙe ni kamar ƙanwa, in na kwana a karatu ita ke turo min tuwo. Ta rantse sai ta zo ta ga abin da ya ramar da ni. Daga kasuwar Jalan Masjid India ta wuto bakin tafkin da za mu yi gwajin, niƙi-niƙi da leda.

"Anti, kasuwa za ki ci a ruwa?"

"Ke dai ja mu, injiniya. Na yo mana tapau, abinci a ƙunshe, in an gama mu ci."

Muka shiga, ni da ita da malamina, wani dattijo ɗan Malesiya mara yawan magana. Na saita hanya, na danna, na ɗauke hannu. Sai jirgi ya fara karkata hagu a hankali. Na gyara, ya sake. Na duba wayoyi, kowacce tana wurinta. Malam agogo kawai ya kalla, kuma wallahi gara a ce zagina ya yi. Zuciyata ta karye, na fara raya cewa ni ce ban iya ba.

Can na ji Anti tana mita a baya, waya a hannu.

"Ikon Allah. Ina son in ga alƙibla kafin mu sauka, ita ma sai juyi take kamar ta sha wani abu."

Na waiwaya. Ledar nan tana ƙarƙashin bencinta, zaune daram a kan akwatin kamfas, don nan ne kaɗai ruwa bai jiƙa ba. Ta bakin ledar na hango katan-katan na fil ɗin hijabi, irin mai maganaɗisu da ba ya huda mayafi. Maganaɗisun ne ke jan kamfas, na'ura kuwa abin da aka gaya mata take bi.

Bakina har ya buɗe. Sai na ga fuskarta, tana ta yi min addu'a ƙasa-ƙasa. Na san in na faɗa a gaban baƙo, matar nan ba za ta ƙara haɗa ido da ni ba.

"Anti, kawo ledar nan gaba, kar ta jiƙe."

Ta miƙo. Na sake dannawa, jirgi ya miƙe sak har ƙarshen tafki ya dawo. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Boleh lah," wato ya yi. Anti ta saki guɗa a tsakiyar ruwa, tana cewa addu'arta ce ta ci.

Washegari na gaya wa malam gaskiya a ofis. Ya yi dariya har da hawaye, ya sa na ƙara babi a kan nisanta ƙarfe da maganaɗisu daga kamfas. Kafin azumi ina Kano, 'yata a cinyata.

Abin da na koya, ba kowane kuskure ne ke buƙatar a nuna mai shi ba. Wani ka gyara kawai ka yi shiru, musamman in ƙauna ce ta kawo shi. Har yau Anti tana ba mutane labarin yadda addu'arta ta miƙar da jirgi, ni kuma ina cewa ƙwarai kuwa.