Malama Zuera da Zagayen da Ya Ƙi Tsayawa

Kullum da sassafe, kafin masu koko su sauke tukunya, Malama Zuera kan buɗe ɗakin da kwamitin masallaci ya ara mata a unguwar Mamobi, ta goge kwamfutoci shida, biyu a ciki sai da lallashi suke tashi. Shekara goma sha tara tana koya wa 'yan Zango rubuta wa kwamfuta umarni. Ƙarshen watan nan za ta huta. Mu nan ba ma yabon mutum sai yana cikin makara. Haka aka yi wa matata. Zuera kam za ta ji nata da kunnenta.

Abin da ke kayar da ɗalibai shi ne zagaye, wato sa kwamfuta ta maimaita aiki. Littattafai kan ci shafi arba'in a kansa, na karanta su, Allah ya yafe wa marubutan. Ita carbi take ɗagawa: "Talatin da uku, kun san adadi tun kafin ku fara. Shi ne *for*." Sai ta ɗaga muciya: "Tuwo fa, sau nawa ake tuƙawa? Sai ya yi kauri. *While* ke nan. Miya kuwa sai an ɗanɗana tukuna a san ko za a sake, *do-while*."

Bara ɗalibarta Lamisi, tela ce, ta rubuta abin da zai aika wa mutanen unguwa sanarwar Maulidi ta waya. Ta ɗauki *while*, ta manta ta ce a matsa zuwa suna na gaba. Sunan farko a jerin kuwa Alhaji Abdul-Latif, shugaban kwamiti. Saƙo ɗari huɗu ya sha kafin a kashe abin. Ya iso da kwaɗo a hannu.

"Ei, Malama! Wayata ta haukace. Yau zan rufe ɗakin nan!"

"Zauna tukuna, Alhaji. Ja mana carbinka, amma kada yatsa ya bar ƙwayar farko."

Ya ja, ya ja. "To yaushe zan gama?"

"Lamisi, ba Alhaji amsa."

Lamisi ta ƙara layi ɗaya, na matsawa zuwa suna na gaba. Wayoyin da ke ɗakin suka yi ƙara bi da bi, kowacce sau ɗaya. Alhaji ya jefa kwaɗon a aljihu. "Ni dai a cire sunana. Na ji Maulidin nan har na shekara goma."

Makullin ɗakin yanzu Lamisi aka miƙa wa.

Zuera, ke ce uwar masu zagaye. Ke ce kika mai da carbi da muciya allo, kika sa tela ta gyara kuskurenta a gaban mai kwaɗo. Mun gode, Allah ya saka. Masu riƙe da kujeru a unguwar nan su zo su ɗauki darasinki na ƙarshe: kin tuƙa har ya yi kauri, kika ajiye muciya.