Ranar da Na Canza wa Kaka Ƙarshen Fim

Shekaranjiya ina wucewa ta kasuwar Sauka Kahuta sai ƙamshin ƙuli-ƙuli mai zafi ya buge ni, irin wanda aka tsame daga mai yanzu-yanzu, da ɗan yaji da citta a ciki. Wallahi sai da na tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani ɗan acaɓa ya danna mini hon yana tambayata ko titin na gidanmu ne. Ko kallonsa ban yi ba. Ni a lokacin ba na kasuwa. Ina falon gidanmu, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, zaune a gindin ƙafar Kaka.

Kaka ita ce mahaifiyar Babanmu, mutumiyar Bida. Tana amarya aka kawo ta Minna, gidan kakanmu, wanda iyayensa suka biyo aikin jirgin ƙasa suka zauna. Ta fi shekara hamsin a cikin Hausawa, amma har ta koma ga Allah ba ta damu da raba namiji da mace a maganarta ba, kowa “shi” ne. Mukan yi mata dariya, ta ce mu je mu koyi Nufanci tukuna mu dawo. A nan zan gyara mata maganar, ta yafe mini. Lokacin da na yi wayo yanar ido ta riga ta rufe mata gani, haske da inuwa kawai take rarrabewa. Amma hannunta bai makance ba. Ta matse tunkuza, ta murza, ta lanƙwasa ƙuli kamar zobe, ba wanda ya fi wani girma. Ni take kira ƙawata, kuma ni ce idonta.

Akwai wata magana a gidanmu da kowa ya sani ban da ita. Ɗanta na fari, Baffa, yayan Babanmu, fataucin doya yake yi zuwa Kudu. Wata shekara motarsu ta faɗi a can nesa, aka binne shi a garin kafin labari ya iso. A lokacin Kaka tana kwance a asibiti, jininta ya hau, ko wata biyu ba a yi da rasuwar kakanmu ba. Manya suka zauna suka ce in aka faɗa mata yanzu gawa biyu za a yi, a bari ta warke. Ta warke, aka ce a bari ta ƙara ƙarfi. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in duk a gidan Goggo, ƙanwar Babanmu, aka yi su a ɓoye. Ita kuwa aka ce mata ya tsallaka Kamaru, ya samu aiki a wani daji inda ba waya ba gidan waya. Wata ya zama shekara, shekara ta zama shida. Duk yaron da ya fara wayo a gidan, Inna mahaifiyata za ta ja shi bayan ɗaki, ta kama kunnensa ta faɗa masa, ta ce in ya kuskura bakinsa ya suɓuce sai ta yanka shi.

Duk ƙarshen wata Kaka takan yi ƙuli na musamman, mai yaji sosai, ta cika gwangwanin madara, ta ɗaure bakin da leda, ta miƙa wa Babanmu ta ce ya ba direbobin da ke zuwa can. Babanmu ya karɓa da hannu biyu ya ce to. Ni nake riƙe mata gwangwanin tana zubawa. Kada ka tambaye ni yadda nake ji a lokacin. Yaro ma yana jin kunya, bai dai san sunanta ba ne.

Ranar da nake ba ka labari Asabar ce, tsakiyar damina, bayan azahar. Kawu, ƙanen Inna, ɗalibi ne a jami'a a Gidan Kwano, in ya zo hutun ƙarshen mako ba ya rasa faifan fim a jakarsa. Ran nan ya zo da wani na turawa da ya aro wurin abokinsa, ya ce na ban tsoro ne, masu ƙaramar zuciya su fita tun da wuri. Ba wanda ya fita. Abin mamaki kuma tun safe ba a ɗauke wuta ba. Falo ya cika: Inna, Goggo da ta zo yini, mu yara, da wata sabuwar 'yar haya, ita ma Hausarta ba ta nuna ba, da ta tare a ɗakin zaure ko sati biyu ba a yi ba. Kaka ba ruwanta da fim, amma tana son inda mutane suke. Aka shimfiɗa mata tabarma, na zauna a ƙafarta. Kawu yana fassara mana turancin, ni kuma ina faɗa mata abin da ake nunawa.

Labarin na zamanin da ne, lokacin keken doki da fitilar mai. Wani ƙauye a bakin kogi, kullum sama a murtuke. Akwai wata tsohuwa mai saƙa da ɗanta ya tafi neman arziki a jirgin ruwa, shekara tara bai dawo ba, sai dai wasiƙa da mai garin yake kawo mata ya karanta mata, don ita ba ta yi karatu ba. Sai wani abu ya fara zuwa ƙofarta. Ya ƙwanƙwasa sau uku. In ta buɗe ba kowa, sai sawun ƙafa jiƙaƙƙe a kan dakali. Sai ga wani baƙo mai bincike ya sauka a garin, duk wanda ya tambaya sai ya kawar da kai.

Kai, da ka ga falon nan! Ruwa yana dukan kwano a sama, ƙwanƙwasar fim tana tashi a ƙasa. Goggo ta rufe fuska da mayafi ta bar ido ɗaya. 'Yar hayar nan kuwa da tsohuwar take magana kai tsaye, tana ihu: “Mama kar ka buɗe! Na ce kar ka buɗe, haba!” Ƙanena ya shige ƙarƙashin kujera. Inna ta ce mai kwalekwalen nan da ake ta nunawa ne, dubi idonsa. Goggo ta ce a'a, mai garin ne, mutumin kirki ba ya irin wannan murmushin. Kawu yana ta cewa a yi shiru, alhali ya fi kowa surutu. Da na faɗa wa Kaka zancen sawun, sai ta ce, “Wannan ba cuta ya zo yi ba. Da cuta ce da bai tsaya ƙwanƙwasawa ba.”

Kuskuren Kawu ɗaya ne, kuma ya yi shekaru yana cizon yatsa a kansa: bai kalli fim ɗin har ƙarshe ba kafin ya kawo mana.

Ana dab da gamawa Babanmu ya dawo daga shagonsa na ɗinki, ruwa ya jiƙa shi, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. A daidai nan baƙon ya kama hannun tsohuwar ya kai ta bayan wani tsohon rumbu a bakin kogi. Ga tudun ƙasa, ciyawa ta rufe shi. Ashe ɗan ko garin bai bari ba. Ranar da zai tafi jirgin ya kife a gaban idon mutane, suka tsamo shi suka binne, suka yi rantsuwa ba za su faɗa mata ba don kada zuciyarta ta buga. Wasiƙun nan duk mai gari ne yake rubutawa. Mai ƙwanƙwasar kuwa ɗan ne, ba abin da yake so illa uwarsa ta san inda yake kwance. Tun kafin a kai nan Kawu ya daina fassara, amma hoton ba ya bukatar tafinta. Tsohuwar ta durƙusa ta dafa ƙasar, sawun da ke gefenta ya bushe. Ta ɗago ta kalli mutanen garin da suka taru a bayanta. Allo ya yi baƙi.

Falon ya yi tsit. Sai ƙarar ruwa.

“Ƙawata, kin yi shiru,” in ji Kaka. “Me ya faru?”

Inna ta mintsine ni a cinya, mintsinin da har yau in na tuna sai wurin ya motsa. Na ce, “Ya dawo, Kaka. Ɗan nata ya dawo, sun rungume juna.”

“To, madalla,” ta ce.

Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma 'yar hayar nan, baiwar Allah, ba ta san komai game da gidanmu ba, kuma ba ta ji abin da na ce ba, tana can tana fyace hanci. Sai ta buga cinya ta ce, “Kai, mutanen garin nan mugaye ne! Shekara tara yaro yana cikin ƙasa, uwa yana jira? Allah ya isa!”

Goggo ta yi zumbur. “Ba mugunta ba ce! Tausayi ne! Ke kin san abin da suka gani? Da sun faɗa mata ta faɗi ta mutu fa, wa za a ce ya kashe ta?”

“Tausayi na wata ɗaya ne, Hajiya. Wannan tsoro ne.”

“Ke ba ki san komai ba!” Muryar Goggo ta karye, hawaye suka zubo. Ba wanda yake kuka irin wannan don fim. Inna tana ta yi wa 'yar hayar alama da ido, ita kuwa ta ɗauka goyon bayanta ake yi, ta ƙara ƙaimi. Kaka kuwa ta karkata kai tana saurare, kamar yadda take yi in tana jiran mai ya yi zafi a kasko.

Can ta ce da Kawu, “Mayar da shi baya kaɗan.” Ta laluba ta kama hannuna. “Ke kuma wannan karon ki faɗa mini abin da idonki ya gani.”

Na kalli Inna, ta sunkuyar da kai. Na kalli Babanmu, bai hana ni ba. Kawu ya mayar. Na faɗa mata duka: tudun, ciyawar, wasiƙun ƙarya, sawun da ya bushe. Ina faɗa ina kuka, tana murza bayan hannuna da babban yatsanta.

“Ta yafe musu?”

“Ba a nuna ba, Kaka. Kallonsu kawai ta yi.”

Ta gyaɗa kai. Sannan ta juya fuskarta daidai bakin ƙofa. Ba wanda ya gaya mata Babanmu yana wurin, warin man keken ɗinki ne ya tona shi. Ta ce, a hankali, kamar mai tambayar kwatance, “A wane gari aka binne shi?”

Babanmu, mutumin da ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a sallah, ya rarrafo ya zube a gabanta. Ya faɗi sunan garin. Ya faɗi ranar. Kaka ta yi salati, ta maimaita, ta daɗe tana kallon inda ba ta gani.

“Shekara shida ina ƙara yaji,” ta ce, “ko sau ɗaya bai aiko ya ce ya yi yawa ba. Yaron da ba ya cin abu bai yi ƙorafi ba. Zuciyata ta faɗa mini tuntuni. Amma ba a yi wa mai rai addu'ar mamaci, sai na ji daga bakin wani. Kullum ina roƙa masa kasuwa, ashe rahama yake bukata.”

Wannan maganar ita ta fasa falon. Har 'yar hayar, da sai yanzu ta gane, ta ɗora hannu a ka.

“Ƙulin fa?” in ji Kaka. “Ina kake kai shi?”

Babanmu ya ce duk ƙarshen wata, in an sauko daga Juma'a, yakan tsaya a ƙofar masallaci ya raba wa mutane, ya ce su sa yayansa a addu'a. Ko gwangwani ɗaya bai taɓa tsallakewa ba.

Kaka ta saki wani dogon numfashi. “Ashe yana samu,” ta ce.

Ba ta faɗi ba, jininta bai hau ba. Ta yi kwana uku ba ta cika magana ba, a na huɗu ta ce a siyo mata gyaɗa tiya biyu. Ta ƙara shekara huɗu a duniya, kuma duk wata tana cika gwangwaninta, sai dai yanzu ni nake ja mata hannu har ƙofar gida ta raba da kanta.

Yau ba a iya ɓoye mutuwa ko ta awa ɗaya. Rasuwar Goggo a waya na gani, hotonta a shafin wata da ko gaisawa ba ma yi, ina tsaye a layin cirar kuɗi. Ban ce zamanin da ya fi ba. Su sun yi jinkiri har ya zama zalunci, mu muna sauri har ba ma duba wa zai gani. Abin da na rasa a duka biyun shi ne wanda zai zauna kusa da kai, ya riƙe hannunka, sannan ya faɗa.

Da na dawo daga kasuwar shekaranjiya da ledar ƙulina, na ba 'yata labarin. Kafin in rufe baki ta nemo fim ɗin a wayarta. Ashe har yanzu mutane suna faɗa a kansa a wurin sharhi a ƙasan fim ɗin, wannan ya ce ƙarshen ya ɓata masa rai, wancan ya ce an bar shi a rataye, wasu na rantsuwa kallon nan da tsohuwar ta yi musu na tsinuwa ne. Ta ɗago ta ce, “Mama, ke a ganinki ta yafe musu?”

Na ce mata ban san ta fim ba. Tamu dai, a ranar, ta laluba har ta samu fuskar Babanmu, ta share masa hawaye da tafin hannunta. Ya ce har ya kwanta yana jin ƙamshin gyaɗa a gemunsa.