Riga a Baranda, Taga Babu Haske

Kafin mai gidan burodi ya buɗe ƙofa, Tarcisio Zanoni ya riga ya shanye kofinsa a tsaye, ya zagaya bas ɗinsa yana bubbuga tayoyi kamar mai zaɓen kankana. Haka ya yi shekara da shekaru a hanyar da ta tashi daga Valeggio ta ratsa ƙauyuka har bakin tafkin Garda, yana kwasar ma'aikata da 'yan makaranta da tsofaffi masu zuwa asibiti. Ƙarshen watan nan zai ajiye makulli. Ba mai fara'a ba ne, kada in yi masa ƙarya, amma ina da abin faɗa a kansa.

Duk ƙarshen Maris ana tseren gudu a cikin wani dandalin lilo na bakin tafki, da sassafe, kafin a buɗe wa yara. Wanda aka rufe ƙofa bai iso ba, sai baɗi. Ran jajibiri babu gidan da ba a musu kan abin hawa. Mai mota ya nace sai mota, ya manta 'yan sanda na tare hanya tun da duhu. Mai tasi ya ce maka "ga ni nan" alhali yana cikin bargo. Jirgin ƙasa kuwa ran Lahadi sai masu gudu sun fara gumi yake isowa. Masu hankali bas ɗin Tarcisio suke bi. Shi ya koya mana cewa duk mai zuwa ya rataye rigar tserensa a baranda, don ya san inda zai tsaya.

Bara ƙanwata Nives ta shiga tseren. Ta tashi daga jinyar ciwon daji, ko gashinta bai gama tsirowa ba. Da dafa bango ta fara, har ta kai ga sassarfa. Ba kyauta take nema ba, so take ta tabbatar jikin nan har yanzu nata ne. Na ce zan kai ta a motata.

Ta ce, "Kai da kake ɓata a cikin garinku? Bas zan bi."

Sai na hau bas ni ma daga unguwarmu, don in riƙe mata jaka. Abin da muka sha'afa, a daren ne ake tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya, kamar yadda ake yi duk shekara. Wayoyi kan gyara kansu, amma Nives tun asibiti ta tsani ƙarar waya, domin ita ke tuna mata lokacin magani. Tsohon agogon mahaifiyarmu, wanda ake murɗawa da hannu, shi ta saita.

Muka iso ƙofar gidanta. Ga riga a baranda, taga babu haske. Na kira waya, a kashe. Na ɗauka ciwon ne ya dawo, na kasa sauka daga bas saboda tsoron abin da zan tarar.

Gualtiero mahauci ya ɗaga murya daga baya. "Tarcisio, ja mu je! Za a rufe mana ƙofa saboda mai barci!"

Tarcisio ya ja birkin hannu. "Rigar nan ba ita ta rataye kanta ba. Kai kuma da tumbin nan, ko jiya aka sake ka ba za ka ci ba. Zauna."

Ya sauka, ya ɗora babban yatsa kan ƙararrawar ƙofarta bai ɗaga ba. Can sai taga ta buɗe.

"Wane mara kunya ne? Saura awa guda!"

"A agogonki, Sinyora Nives. Yau Lahadin tura agogo ce. Ɗauko takalma a hannu."

Tunda nake ban taɓa jin daɗin zagi kamar wannan ba. A cikin bas ta ɗaure takalma, Gualtiero da kansa ya ɓare mata ayaba. Tarcisio bai yi gudun hauka ba, ya dai kafa ido a hanya har muka iso. Mai gadi ya riga ya jawo ƙyaure ɗaya lokacin da ta kutsa.

Da ta dawo tana ɗingishi, ya tambaye ta, "Kin zo ta nawa?"

"Ta ƙarshe."

"Madalla. Da ban tashe ki ba, da Gualtiero ne na ƙarshe."

Kai ne, Tarcisio, direban da bai ɗauki mutane a matsayin kaya ba. Ba aikinka ba ne buga ƙofar kowa, da ka wuce babu mai ganin laifinka. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Ku kuma matasan direbobi da za ku gaje shi, ku riƙa tunawa akwai wanda tafiyar asuba ɗaya ta fi masa shekara guda muhimmanci.

A da, duk labarin da Nives za ta bayar, da "tun da na kwanta asibiti" take farawa. Yanzu "tun da na yi tsere" take cewa.