Malam Mai Tofi a Waya

A tashar motocin Takieta, nan Damagaram, wani malami yana zaune kan buzu, rawani fari tas, wayoyi biyu a gabansa. Ina jin da can allo yake wanke wa mutane, yanzu kuwa kasuwa ta koma rezo, wato layin waya. Yana danna waya, ya yi ɗan gunaguni, ya tofa wa gilashin, ya goge da hannun riga, sai ya tura tofin nan guda ga duk majinyatansa, daga Agadas har Kano.

Wata tsohuwa daga Dakusa tana durƙushe gabansa, jikarta a goye, jiki zafi rau.

"Malam, a tofa mata."

Ko kai bai ɗaga ba.

"Inna, koma gida ki turo hotonta. Ai mun ci gaba."