Malam Ilyasu Komi da Sunan da Uwa Ba Ta Faɗa

Tun kafin a buɗe biro, wato ofishin gwamnati, Malam Ilyasu yake isowa. Daga Sabon Gari yake tahowa a ƙasa, ga kekensa a hannu yana turawa, wai hawa yana hana shi gaisawa da mutane. Ni Maman Lawali, shekara goma sha biyu ke nan ina zaune gindin bishiyar bedin da ke ƙofar biron nan na Maraɗi ina rubuta wa jama'a wasiƙa, kuma ban taɓa ganin ƙafarsa a kan fedar keken nan ba. In ya jingine shi, sai ya bi layin masu jira ɗaya bayan ɗaya: wa ya fito daga Tsibiri, wa ya fito daga Jiratawa, me ke tafe da kowa. Kafin a buɗe taga ya riga ya san littafin da zai sauko da shi daga kanta.

Shi komi ne, wato magatakardan da ke riƙe da manyan littattafan rajista na haihuwa, da na mutuwa, da na waɗanda aka ɗiba aikin soja. A ƙarshen watan jiya na wannan shekara ta 1957 ya ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗaya. Ba a yi kiɗa ba, ba a rataya masa lambar yabo ba. Shi ya sa na ce alƙalamin da na daɗe ina yi wa wasu aiki da shi, yau zai yi wa zuciyata.

Wanda bai taɓa neman takarda a biro ba, ba zai gane abin da nake yabo ba. Ƙa'idar Nasara ita ce ka kawo buƙatarka a rubuce da Faransanci, ka manna tambur, wato kan sarki, ka faɗi suna, da sunan uba, da shekara. To, manomin gero ina ya san shekarar Nasara? Shi abin da ya sani shi ne an haifi ɗansa shekarar fara, ko damina biyu bayan ruwa ya ci gari. Yawancin komi in sun ji haka sai su ce “dawo gobe”, kuma goben nan na sha ganin ta kai wata shida. Malam Ilyasu kuwa wani ɗan littafi gare shi a aljihu, duk ya sha hannu, inda ya jera shekarunmu kusa da nasu. Ka ce masa shekarar fara, ya tambaye ka ta farko ko ta biyu, shi ke nan an gama.

Tsofaffin ma'aikata sun shaida mini cewa lokacin da ruwan gulbi ya ci tsohon gari a 1945, shi ya ɗauko littattafan da suka jiƙe, ya shimfiɗa tabarmi a rana, ya yi kwana ashirin yana buɗe shafi ɗaya-ɗaya da gashin zabo don kada su yage. Har aka riƙa zolayarsa wai ya koma mai shanyar kuɓewa. Wannan ji na yi. Amma akwai abin da na gani da idona.

Wata Litinin, ranar kasuwa, a shekarar 1951, wata dattijuwa daga Jiratawa mai suna Tsahara ta ajiye ƙwaryar daddawarta kusa da teburina. Ta ce a rubuta mata takarda, tana neman labarin wani yaron gidansu da aka ɗauka soja shekara goma sha ɗaya da suka wuce, tun daga nan ba shi ba labarinsa. Na ce, “To Inna, mi ne sunan yaron?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaron dai.” Na sake tambaya, ta shiga gyara bakin zanenta. Na rubuta abin da na samu, na bar gurbin suna babu kome.

Komin da ke taga ran nan Hamidu ne, mai sabon kwat da sabon Faransanci. Ya juya takardar ya ce, “In ba suna, ba takarda. Ki tahi ki tambayo.” Litinin uku tana zuwa a ƙasa daga Jiratawa, Litinin uku yana mai da ta. Ni ma kaina, kunya ba za ta sa in ɓoye ba, na fara cewa a raina tsohuwar nan ruɗewa ta yi.

A ta huɗu Malam Ilyasu ya iske ta a layi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya saurare ta, sannan ya yi tambaya ɗaya cikin ƙaramar murya.

“Inna, shi ne na hwari?”

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. A nan na gane wautata, ni da aka haifa cikin al'adar nan. Ɗanta ne na fari. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, ko a gaban kowa. Mijinta ya rasu, kuma ba za ta iya jawo wani daga ƙauye ya faɗi sunan ba, don hakan tamkar ta yi shela ne cewa kewar yaron ta kama ta. Ko daga gida, da sunan sayar da daddawa take fitowa. Shekara goma sha ɗaya tana son sanin ko ɗanta yana raye, kuma kalma ɗaya da za ta buɗe mata ƙofa ita ce wadda bakinta ba zai iya faɗa ba.

Malam Ilyasu bai ce ta daure ta faɗa ba. Ya shiga ya ɗauko littafin 1940, ya kai ta inuwar bayan biro inda ba idon jama'a, ya kira ni in zama shaida. Ya ce, “Inna, ba ki cewa komi. Ni ne za ni karatu. In na zo wurin, ki aje hannunki ƙasa.” Ya fara karanta sunayen samarin yankin Jiratawa da aka ɗauka shekarar, a hankali, yana ɗan dakatawa bayan kowane. Sun haura sittin. Da ya ce “Idirisa ɗan Barau”, sai na ga tafin hannunta ya sauka kan rairayi, ya kuma zauna nan kamar an dasa shi.

Littafin ya nuna ranar da aka tafi da shi ne kawai. Malam Ilyasu ya rubuta takarda zuwa Yamai, aka yi shiru. Ya sake rubutawa, aka ce a tambayi Dakar. Ya rubuta Dakar sau biyu. Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, da kansa ya taɓa ce masa wannan ba aikinsa ba ne, ya amsa da ladabi cewa buƙata ce ta shigo ta taga, kuma duk abin da ya shigo ta taga aikinsa ne. Wata tara ana haka, kowace Litinin Tsahara tana ajiye ƙwaryarta ta dube shi, shi kuma ya ce, “Tukuna, Inna, amma ban manta ba.”

Amsa ta zo bayan an cire amfanin gona. Ba mai daɗi ba ce. Idirisa ya rasu tun 1943 a wani asibitin soja da ke bakin teku, ciwon ƙirji ne. Malam Ilyasu ya karanta mata cikin Hausa, bai rage ba, bai ƙara ba. Da ya gama, ta ce, “An yi mishi salla?” Ya duba ƙasan takardar ya ce an rubuta cewa cikin Musulmi aka rufe shi, har da lambar kabari. Ta ce, “Alhamdu lillahi.” Can kuma ta ce, “Malam, sake karanta min daga hwarko.”

Tun daga shekarar, duk kaka in an gama ɗaurin gero, Tsahara takan zo da takardar nan a naɗe cikin tsumma. Ba wani sabon abu take nema ba, ta haddace abin da ke ciki. A gida kowa yana kauce wa sunan saboda ita. Bayan biron nan ne kaɗai take jin an faɗe shi cikakke. Shi kuwa Malam Ilyasu, ko layi ya kai bakin hanya, sai ya fito ya karanta mata.

Malam Ilyasu, kai ne ka gane cewa wanda ya tsaya a taga ba takarda kawai ta kawo shi ba. Kai ne ba ka taɓa cewa “dawo gobe” ba sai in ka san abin da za ka miƙa gobe. Mai buɗe littafi da gashin zabo, ka koya mini aikina bayan na ɗauka na iya shi. Ina jin ciwon tafiyarka, kuma ba zan ɓoye ba.

Ranar da zai ajiye aiki Tsahara ta zo, don labari ya kai mata. Ta miƙa masa tsumman ta ce, “To Malam, baɗi wa za ya karanta min?” Bai karɓa ba. Ya leƙa taga ya kira Hamidu, wanda yanzu shi zai riƙe littattafan, ya ce ya fito bayan biro. Hamidu ya gane ta, ya cire hula, ya durƙusa da kwat ɗinsa kan rairayi. Ya fara karatu da sauri irin na ofis, sai Malam Ilyasu ya dafa kafaɗarsa.

“A hankali, ƙanena. Kusa kake da wurin.”

Hamidu ya ja numfashi ya ce, “Idirisa ɗan Barau.” Hannun tsohuwar ya sauka ƙasa.

Mun gode, Malam Ilyasu. Allah ya ba ka hutu da lafiya, ya kuma sa wata rana mu ga ka hau keken nan. Ku kuma da kuka gaji kujerun biro, a Maraɗi ko a ko'ina, in mutum ya zo ya kasa cika gurbi a takarda, ku tambayi abin da ya hana shi kafin ku mai da shi gida. Kaka mai zuwa wata dattijuwa za ta zo daga Jiratawa da ƙwaryar daddawa da takarda cikin tsumma. Kada ku tambaye ta sunan kowa. Ku kai ta inuwa ku karanta mata, kuma in kun zo wurin sunan, ku yi a hankali.