Gwaggo Halo da Gidan Talabijin

Shekara ashirin da shida Gwaggo Halo ta yi a wani ɗan ɗaki marar taga a babban asibiti, tana haɗa masu kira da sashen da suke nema. Daga yawan cewa "Halo" a waya ta samo sunan, har ya danne na yanka. Bayan ta yi ritaya idanunta suka fara dushewa, cikin shekara uku gani ya tafi. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne shiru, ita da ta saba da ƙarar waya tun safe.

Ƙaninta mai kantin magani ne ya fitar da ita daga shirun. Yana da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin kanta, kusa da kwalayen auduga, wadda ke ɗauke da wani ɗan zauren hira na intanet da ya buɗe.

"Yaya, ba irin manyan dandalin nan ba ne da kamfani ɗaya ke riƙe da kowa," in ji shi. "Kowane zaure da mai shi da dokarsa, amma ana jin hirar juna. In wani zauren ya dame mu, mu rufe ƙofar da ke tsakaninmu."

Ya saita mata waya tana karanta mata rubutu da murya. Su tamanin ne da 'yan kai: direbobi, nas-nas, malaman makaranta, da wani mai aski da ba ya rasa ta cewa. Saboda ita suka kafa doka: duk wanda ya sa hoto, ya rubuta abin da ke ciki. Mai aski ya taɓa sa hotonsa ya rubuta, "Kyakkyawan saurayi a bakin shago." Gwaggo ta amsa, "Shagon na yarda."

Ana nan sai babban gidan talabijin ya buɗe nasa zauren, labaransa suka fara shigowa nasu. Malaman makaranta suka yi murna, wai yanzu an san da su. Mai aski kuwa ya tada jijiyar wuya.

"Mun gudo daga hayaniya, ga ta ta biyo mu har gida! Giwa ce ta shigo ɗakin kaji. Ka gaishe su ba su amsawa, sai dai su zuba su wuce."

Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Hoto arba'in suke sawa a wuni, ba ko ɗaya mai bayani. Gwaggo ta shafa waya, wayar ta ce, "Hoto. Hoto. Hoto." Mutane suka yi ta rubuta musu ƙorafi, shiru. Aka tsayar da ranar ƙuri'a a kan rufe ƙofa, kuma kowa sunanta yake kafa hujja da shi.

Wannan bai yi mata daɗi ba. Ta ce wa ƙaninta, "Ku daina faɗa da sunana. Ba ni kwana uku."

Ba ta rubuta komai ba. Waya ta buga wa gidan talabijin ɗin. Ta san aikin: ba manaja ake nema ba, mai ɗaga waya ake lallaɓawa. Ta gaishe shi, ta yi masa sannu da ciwon kunne da ciwon baya, ta ce ita ma ta zauna a irin wannan kujerar. Kafin minti biyar ya haɗa ta da mai sa labaran.

Ashe giwar mace ɗaya ce, ga muryar gajiya, ga abinci a baki. Dandali shida take ciyarwa ita kaɗai, saƙonnin zauren ko buɗe su ba ta taɓa yi ba.

"'Yata, saurari gidanku," in ji Gwaggo. Ta kara wayarta mai karanta rubutu a bakin ɗayar wayar da ta yi kiran da ita. Hoto. Hoto. Hoto.

Matar ta ce, "Wallahi, Mama, ban sani ba."

"Rashin sani ya fi dare duhu. Ni kuwa na san duhu, ki yarda da ni."

Washegari hoton farko ya zo da bayani: "Mutane suna tsaye." Gwaggo ta sake bugawa.

"Su wa? A ina? Murna suke ko jiran gawa?"

Na biyu ya zo da layi goma sha ɗaya, har da launin takalmin ɗan sanda. A hankali dai hannun matar ya faɗa, ta kuma fara amsa gaisuwa.

Ƙuri'a ta tashi arba'in da uku da talatin da takwas, aka bar ƙofa a buɗe. Mai aski ya yi fushi ya kafa nasa zauren, su huɗu, amma kullum da safe sai ya leƙo ya gaida Gwaggo.

Da gidan talabijin suka nemi hira da ita, ta ƙi. Ta ce, "Ni aikina haɗa mutane ne. Ga lambar mai aski."

Suka je shagonsa da kyamara. Minti huɗu ya yi yana wanke su tas, almakashi a hannu, kwastoma zaune da rabin aski, suka kuwa sa hirar ba su yanke ko kalma ba. Gwaggo ta saurara a kantin ƙaninta, ta yi dariya har sai da ya miƙo mata ruwa.